Kwabo a Kan Allura

A gidanmu na Sule Tankarkar babu mai faɗin sunan mahaifiyarmu, tun tana raye. Mu 'ya'yanta Inna muke ce mata. Maƙwabta da sunan yayarmu suke kiranta, su ce uwar wance. Baba kuwa auren saurayi da budurwa suka yi, ita kaɗai ya taɓa aura, kuma kunya ba ta taɓa barinsa ya kama sunanta ba. In yana nemanta sai ya tsaya a tsakar gida ya ce, "Ke, kina ciki?" In zancenta ya taso a waje sai ya ce "mutanen gida," kamar su goma ne. Haka suka yi shekara arba'in da ɗoriya, har Allah ya karɓi abarsa.

Baki ɗaya ne a duk gidan yake faɗin sunan nan ba tare da jin nauyi ba, shi ne wani baƙin faifan garmaho da yake cikin adakar Baba, tsakanin manyan rigunansa.

Baba dillalin shanu ne a kasuwar Maigatari kafin gwiwa ta zaunar da shi. Lokacin da yake ganiyarsa akwai wani mai kukuma da yake bin rumfunan dillalai ran Alhamis, yana yi musu waƙa suna ba shi abin da ya sawwaƙa. Wata rana ciniki ya yi wa Baba daɗi, ya tuɓe babbar rigar jikinsa ya ba shi. Mutumin bai manta ba. Da aka kai shi Kano aka ɗauki muryarsa a faifai, sai ya jero dillalan Maigatari ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan Baba ya yi masa kirari, sannan ya ƙara da angon wance, ya kama sunan Inna ɓaro-ɓaro. Numfashi ɗaya ne, bai fi haka ba. An ce ranar da aka fara sa faifan a gida Inna ta rufe fuska da mayafi ta shige ɗaki, tana cewa wannan maroƙi ba shi da ta ido.

Garmahon Baba irin mai kama da ƙaramin akwatin nan ne, mai cin batir shida. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci an ci abinci, zai shimfiɗa tabarma a zaure, ya goge faifan da gefen rigarsa, ya sa. Bayan rasuwar Inna sai ya daina jin waƙar har ƙarshe. In an wuce wurin nan sai ya ɗaga hannun garmahon ya mayar da allura baya, sau uku, sau huɗu. Wai kirarinsa yake son ji, don dillalan yanzu ba su san su wa aka yi ba. Mu kuma muka ce haka ne, Baba.

Wajajen ƙarshen shekarun casa'in, da damina, garmahon ya fara ciwo. Da fari jan jiki yake yi, mai kukuma ya koma yana waƙa da muryar bajimi. Muka canza batir, a banza. Daga baya ya tsaya cak. Baba bai yi ƙorafi ba, ya ce ai tsufa ne, duk muna hanya. Amma Juma'ar da ta biyo baya na zo daga Gumel na same shi a zaure ya shimfiɗa tabarmar kamar kullum, yana zaune hannu a kan gwiwa, babu abin da yake yi. Abin ya tsaya mini a rai. Na ɗaure garmahon a bayan babur ɗina, na roƙi faifan ma ya ba ni, bayan ya ja mini kunne kamar zan tafi da jariri.

A lokacin ina aikin malamin gona a Gagarawa amma a Gumel nake zaune. A bayan layinmu akwai wani dattijo mutumin Filato, Kirista, ma'aikacin gwamnati da aka turo bayan an ba mu jiharmu. In ya taso aiki sai ya buɗe ɗan shagonsa yana gyaran rediyo da kaset, kowa Injiniya yake ce masa. Mutum ne da ba ya gaggawa. Sai ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa kayan mutane, abin da ni a lokacin nake gani iyayi ne.

Ya buɗe garmahon ya ce injin ya ƙone, irinsa kuma sai dai a tarihi. Sannan idonsa ya kai kan hannun allurar. Akwai wani tsohon kwabo a ɗaure a kansa da baƙin zare.

"Malam, wa ya yi wannan aikin?"

Na ce ni ne, har da ɗan ɗaga kai. Tun ina sakandare na ɗaura shi, lokacin da allurar ta fara tsalle. Duk garinmu haka ake yi, in garmaho yana tsallake waƙa a ɗora masa kwabo ya nutsu. Ranar da na ɗaura har albarka Baba ya sa mini.

Injiniya ya ce in miƙo faifan. Ya zaro shi daga kwalinsa, ya riƙe shi ta gefe-gefe da tafin hannu, ya fita waje ya karkata shi a rana. Ya kira ni. Duk faifan baƙi ne yana sheƙi, sai wani siririn zobe wajen tsakiya da ya yi fari-fari kamar an barbaɗa toka.

"Nan ne ake yawan sawa, ko?"

Sai na ji kamar ya ɗaga labulen ɗakin Inna. Na ce eh.

Ya ce allura a cikin ɗan kwari take tafiya, siriri kamar gashi, muryar kuma a bangon kwarin take. In allura ta tsufa aka ɗora mata nauyi, ba karatu take yi ba, huɗa take yi. "Kai malamin gona ne, ka san abin da garma take yi wa ƙasa. Shekara nawa kuna yi wa wurin nan huɗa?" Na lissafa a zuci. Ya ce muryar tana nan da saura, amma kaɗan, kuma in muka sake ba ta allura mai nauyi ba za ta kai baɗi ba. Ban taɓa jin haushin hannuna irin na ranar ba. Garin neman gira na kusa rasa ido, kuma idon ba nawa ba.

Ana cikin haka autanmu ya zo daga Kano. Yana aiki a wani kanti a can, kuma duk zuwan da zai yi sai ya zo da wani sabon abu da zai nuna mana mu ƙauyawa ne. Wannan karon wata na'ura ce mai cin ƙaramin faifai fari mai walƙiya, wai shi sidi. Da na ba shi labarin garmaho sai ya yi dariya.

"Haba Yaya, wa yake ta garmaho yanzu? Ko kaset ma ya kusa zama kayan tsofaffi. Wannan ba allura, ba ƙura, ba ya cinyewa. Haske ne yake karanta shi."

Na ce haske kuma, sai ka ce waliyyi. Muka ɗunguma shagon Injiniya don ya raba mana gardama, ni ina fatan ya ƙaryata yaron nan a gabana.

Aka yi dace Injiniya yana da waƙoƙin wata ƙungiyar mawaƙan cocinsu iri biyu, tsohon faifai da ya zo da shi daga gida, da kuma sidi da 'yarsa ta aiko masa, shi kuma ba shi da abin sawa. Ya fara sa faifan a nasa garmahon. Kafin waƙa ta fara sai ka ji ƙas-ƙas-ƙas kamar ana suyar ƙosai a maƙwabta, sannan muryoyin su taso, masu kauri, a dunƙule, kamar suna cikin shagon tare da mu. Sannan aka sa sidin a na'urar auta. Shiru tsit, har na ɗauka ba ta kama ba, sai kawai waƙa ta faɗo. Gaskiya ɗaya ce, ko da ba ta yi mini daɗi ba: sidin ya fi fita. Na ji wata mata can baya da ban ji ta a faifan ba, na ji inda mai ganga yake jan numfashi. Auta yana kallona yana murmushi, ni kuma na ƙi kallonsa.

"To Injiniya, wanne ya fi?" in ji auta.

Injiniya ya ce in don tsabta ne sidi ya fi, ba gardama, kuma ko sau dubu ka sa ba ya raguwa. Amma in ya sami karce mai zurfi sai ya kama in'ina, ko ya ƙi magana gaba ɗaya. Faifai kuwa a hankali yake tsufa, yau ya rasa haƙori ɗaya, gobe ya rasa wani, amma yana magana. Ya ce shi dai in yana son ya ji waƙa zai sa sidi, in yana kewar gida zai sa faifai. Auta ya ce wannan ai ba hukunci ba ne, sulhu ne.

Ni na kashe gardamar, ba da ilimi ba. Na ce, "To, waƙar Baba tana sidi?" Auta ya sosa ƙeya. Ashe ya riga ya bi masu sayar da kaset a Kano rumfa-rumfa yana tambaya, ko sunan mai kukumar babu wanda ya taɓa ji. Mutumin ya daɗe da rasuwa, kuma bai yi sunan da za a sake buga shi ba. Iyakar saninmu, abin da ya rage na waƙar nan a duniya shi ne wanda yake cikin jakata. Daga nan auta ya daina dariya. Shi ya ba da shawarar in an sami garmaho, a sawar farko a ajiye rikoda a gaban sifika a ɗauka a kaset, abin da ya kamata mu yi tun shekara goma baya, wauta ta hana.

Injiniya ya ce a Gumel ba za mu samu ba, sai Maigatari, wajen masu kayan gwanjo da suke shigowa ta Nijar. Da Baba ya ji an ambaci Maigatari sai ya ce da shi za a je. Na ce gwiwarka fa, ya ce zuwa da kai ya fi aike, kuma bai haifi ɗan da ya iya ciniki ba. Ran Alhamis muka shiga motar haya mu huɗu har da Injiniya, wanda ya nemi izini a wurin aiki ya biyo mu, da gilashin duba agogo a aljihu da wani faifansa da bai damu da shi ba don gwaji.

Kafin mu kai rumfar sai da muka yi awa guda, don kowane taku uku sai wani ya tare Baba. Tsofaffin dillalai suna ta "Sarkin ciniki, kai ne a gari?" Gwiwar da ake jiyya ta warke a take. Ni da auta muna biye kamar raƙuman da aka sayo.

Mai kayan wani Badamagare ne, ya baje rediyoyi da fankoki da dutsen guga a kan tabarma, ga garmaho uku a gefe. Baba ya yi mana kashedi tun a mota cewa kada wanda ya kalli abin da muka zo saya. Don haka ya durƙusa ya ɗauki dutsen guga, shi da bai taɓa goge riga da hannunsa ba, yana juya shi yana ƙorafin nauyinsa. Sai da aka gaisa aka tambayi damina a can da nan, sannan ya nuna garmahon da ƙafa. "Waɗannan tarkacen fa, suna motsi?"

"Alhaji, tarkace? Wallahi daga Faransa suka fito. Wannan babban in ka ba shi kuran, har Zandar za a ji."

Babban ya tafi da ni, ba zan ɓoye ba. Fari ne kamar azurfa, ga maɓallai reras. Injiniya ya ce a'a, sai da wutar lantarki, kuran ɗin da mai kayan yake faɗa, sai kuma an saya masa wani akwatin ƙara murya, a Sule Tankarkar kuwa zai zama abin ɗora buta. Na biyun irin na Baba ne sak, ɗan akwati mai batir, har launin ɗaya. Na ga hannun Baba ya kai kansa ya shafa murfin, ya manta da dokar da ya kafa mana. Na ukun mummuna ne, murfinsa ya tsage, gefe ɗaya an liƙe da salatif.

Injiniya ya wanke hannu da ruwan butar mai kayan, ya bi su ɗaya-ɗaya. Ya juya farantin da yatsa yana kallon gefensa ko yana rawa. Ya ɗaga farantin ya duba robar da take jansa. Ya sa gilashi a ido ya leƙa bakin allura. Sannan ya ɗora kan hannun allurar a kan ɗan yatsansa ya rufe ido, yana jin nauyinsa. Na ɗan akwatin ya danna yatsan. Na mummunan kuwa kamar gashin kaza, kuma a bayansa akwai wani ɗan dunƙulen ƙarfe da ake murɗawa a rage nauyi ko a ƙara. Ya ce wannan zai iya juya shi ya ci batirin mota, allurarsa kuma ana samu a Kano. Aka ɗauko batir ya yi ɗan haɗi na wucin gadi, aka gwada da faifansa, murya ta fito sumul.

Baba ya ce shi dai ɗan akwatin yake so, shi ya sani, shi ya saba da shi. Ni kuwa ban gaya masa maganar zoben toka ba. Na kasa. Ta ina zan fara, in ce Baba wurin da kake maimaitawa, alhali shekara da shekaru muna yi kamar ba mu san me yake maimaitawa ba? Na kalli Injiniya.

Injiniya ya rage murya ya ce, "Baba, ka gafarce ni. Wancan hannunsa nauyi gare shi. Faifanka akwai wuri ɗaya da ya gaji ƙwarai. In ka sa shi a wancan, wata biyu, uku, wurin zai shafe. Wannan mummunan zai lallaɓa shi."

Baba bai tambayi wane wuri ba. Ya ɗauke hannunsa daga kan ɗan akwatin a hankali. Sannan ya jawo mummunan gabansa, ya ƙwanƙwasa gefensa, ya leƙa ƙarƙashinsa kamar mai duba kofato. Ya ce, "To, ai saniya ba don fuska ake sayenta ba." Ciniki kuwa na ga ciniki ranar. Sau biyu muna tashi mu tafi, sau biyu ana kiranmu. Da Badamagaren ya sallama sai ya riƙe hannun Baba yana dariya, ya ce Alhaji don Allah kada ka dawo.

Kwana takwas Injiniya ya yi yana aiki a kansa. Juma'ar da ta zagayo na ɗauko garmahon a mota, ba a babur ba, na rungume shi a cinya tun daga Gumel. Kafin mu rabu Injiniya ya ce mini ya daidaita nauyin daidai yadda faifan zai iya ɗauka. Mai yiwuwa in an zo wurin nan allurar ta yi tsalle, don kwarin ya cinye. "In ta yi, ta yi. Kada ka ɗora mata komai."

Bayan an sauko daga masallaci muka zauna a zaure mu uku. Auta ya ajiye rikodarsa a gaban sifika ya danna, jar fitilarta ta kama. Na hana Baba goge faifan da riga, na miƙa masa ɗan ƙyalle mai laushi, ya harare ni amma ya karɓa. Shi ya sauke allurar da hannunsa.

Ƙosan ya fara soyuwa, sannan kukuma ta shigo. Wallahi ban san haka waƙar take ba. Tun tasowata a cikin hazo nake jin ta, yau ga ta a fili, har da wani mai tafi da ban taɓa sanin yana ciki ba. Baba ya gyara zama, yana kaɗa kai, yana ba mu labarin kowane dillali in an kira shi: wannan ya rasu a hanyar Makka, wannan marowaci ne, waƙar ma bai biya ba. Na ji daɗi har cikin ƙashina. Auta ya raɗa mini cewa sidi dai ya fi, na ce ya rufe mana baki.

Aka zo kan Baba. Murya ta dusashe kamar mai kukumar ya juya mana baya, amma ana ji. Kirarin ya fito, angon ya fito, sai allura ta yi ɗis, ta dira a kan dillali na gaba.

Sunan kaɗai ta tsallake. Baba ya ɗaga hannun allurar ya mayar baya. Ta sake tsallakewa, a daidai wurin, ba gaba ba baya. Auta ya laluba aljihu ya fito da kwabo, ya ce a hankali, "Baba, sau ɗaya tak, don kaset ya ɗauka. In ya ɗauka shi ke nan, muna da shi." Ni da aka ja wa kunne ban hana shi ba, don ni ma abin da yake raina ke nan. Sau ɗaya zai iya fitar da sunan, zai kuma iya ƙarasa shi, duk mun sani.

Baba ya kalli kwabon, ya kalli faifan yana ta juyawa. Ya ce, "Mayar da kuɗinka aljihu. Ya sha wuya haka nan."

Ya mayar da allurar baya karo na uku. Kirarin ya zo, angon ya zo, allura ta ɗaga. A cikin ɗan ramin nan Baba ya faɗi sunan Inna da bakinsa, a kan kiɗa, daidai inda mai kukumar yake faɗa, da ɗan jan nan na ƙarshe. Muryarsa ba ta yi rawa ba. Ina da shekara talatin da bakwai, ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba sai ranar.

Ni da auta muka sunkuyar da kai muna kallon tabarma. Waƙa ta ci gaba, Baba bai sake mayar da ita baya ba, ya bar ta ta tafi har ƙarshe. Can auta ya tuna rikodarsa tana ɗauka, kunya ta kama shi, ya miƙa hannu zai kashe. Na riƙe masa hannu.